Ruwa ba shi tsami banza: abin da na gani bayan dam ɗin ƙauyenmu

Satin da ya gabata na tahi ƙauye duba Inna, da niyyar in kwana ɗaya in dawo Sakkwato saboda aiki, sai ga shi na yi kwana huɗu, kuma wallahi tun da na dawo barcina bai zama daidai ba, da na ji iska ta taso ko hadari ya haɗo gabas sai in jawo waya in kira gida.

Ƙauyenmu na da ɗan dam na ƙasa, ba wani babba ba ne, in kana tafiya a hankali minti goma ya ishe ka ka ratsa bisansa daga wanga kai zuwa wancan. Tun kafin a haife ni anka yi shi. Akwai ƙorama da ke gangarowa daga tudu, da can duk malka sai ta shigo unguwar gangare ta kwashe ɗakuna da rumbuna, shi ne anka datse ta da ƙasa don ruwan shi tsaya shi riƙa wucewa kaɗan-kaɗan. Daga baya ya zama komai namu, nan shanu ke sha, nan ake ɗibar ruwan gini, nan muka koyi iyo muna yara, da rani a yi 'yar albasa da tattasai a gindinsa. Kowa ya san amfaninsa. Amma in ka tambayi mutum yaushe rabon da wani ya zo ya duba lafiyar dam ɗin, sai ka ga an yi shiru ana kallon juna.

Kawuna ne ya ja ni. Bayan la'asar ya ce in ɗauko gorar roba fara mu tahi, ban tambaye shi dalili ba don shi mutum ne da ba ya son yawan tambaya. Yana saurayi ya yi leburanci lokacin da ake gina dam ɗin Goronyo, kuma har yau in yana ba da labarin sai ka ce jiya ne, yadda tifa ke zuba ƙasa, katafila ta baje ta siriri, tankar ruwa ta yayyafa, rola ta bi ta danne ta koma ta sake dannewa kafin a yarda a zuba wata bisanta. Ya ce dam na ƙasa ba tulin ƙasa ba ne, danna ce, duk inda anka yi ha'inci wajen dannar to nan ruwa zai gano ko bayan shekara talatin ne.

Da munka hau bisan namu abin da na fara lura da shi inuwa ce. Dogon yaro manya guda biyar ko shida a jere a bayan dam ɗin, ga bagaruwa, ga tumfafiya ta cika ko'ina. Ni da ido na na jahili sai na ce Kawu ai wanga ya yi kyau, saiwa za ta riƙe ƙasa. Ya juyo ya dube ni ya ce, ɗana, a gona ne icce ke riƙe ƙasa, a nan huda ta shi kai. Saiwar icce ruwa take nema, ruwan kuma yana ɗaya gefen, don haka sai ta ratsa cikin dam ɗin tana binsa, ranar da iccen ya mutu saiwar ta ruɓe to ta bar rami dogo kamar an saka bututu, ko kuma iska ta tumɓuke shi ya tafi da ƙasa mai yawa lokaci guda. Ban taɓa tunanin haka ba duk da shekarun da na yi ina zama ƙarƙashin itatuwan nan.

Gaba kaɗan ga suri har biyu, ɗaya ya kai ƙuguna. Gara kuwa abin da ka gani a sama kaɗan ne, gidanta na ƙasa. Ga ramukan gafiya da burgu, na tura sanda cikin ɗaya har ta ƙare ban taɓo ƙarshe ba. Sai wurin da shanu ke hawa suna gangarawa mashaya, sun yi shekaru suna bin waje ɗaya har ya zama kwari a bisan dam ɗin, ya fi ko'ina ƙasa da kusan kamu ɗaya, wato in ruwa ya cika nan zai fara tsallakowa. Duwatsun da anka jera a fuskar da ke kallon ruwa don kada igiya ta riƙa cin ƙasar, rabi babu su. Ba aljani ya kwashe ba, mu ne, suna nan cikin harsashin gidajenmu da bakin rijiyoyi, har da wanda anka girke tukunya bisansu ranar biki. Na faɗi haka ne don kada wani ya ɗauka na zo in zagi gwamnati kawai in tafi, a'a, wani ɓarnan da hannunmu munka yi shi.

Amma duk wannan ba shi ne ya hana ni barci ba.

Mun gangara bayan dam ɗin, can gindi inda ƙasar ta haɗu da fadama, akwai wuri kamar faɗin tabarma biyu da ciyawa ta yi kore shar fiye da sauran, ƙafa na nutsewa. Kawu ya duƙa ya buɗe ciyawar da hannu sai ga ruwa na ɓuɓɓugowa, ɗan siriri kamar kaurin yatsa, kuma kewaye da bakin ramin ga wata laka mai laushi ta taru ta yi zobe kamar bakin tulu. Ya karɓi gorar ya tara ya cika ta, ya ɗaga ta saitin rana. Ruwan ba garau yake ba, ya yi kalar kunun kanwa da anka tsinka. Muka zauna a kan dutse bai ce komai ba, ya ajiye gorar tsakanin ƙafafunsa, can bayan kamar rabin awa ya nuna min gindinta, ƙasa ta kwanta ja-ja kamar kaurin farce.

Ya ce duk dam na ƙasa yana tsattsafo, babu wanda ba ya yi, har manyan ma da gangan ake yi musu hanyar yashi da tsakuwa a gindi don ruwan da ya ratso ya fita salin-alin. In ruwan fari ne tas kuma ba ya ƙaruwa, to a sa ido kawai. Amma in ya fito da laka, to jikin dam ɗin ne yake ɗebowa yana fitarwa, yau cokali gobe ludayi, ramin na cin baya-baya yana nufar tafkin, ranar da ya haɗe da ruwan ciki to ba a kwana ana magana, cikin 'yan awoyi ake gamawa. Bara, in ji shi, fari ne. Bana ne ya sauya.

Daga baya na tura hoton gorar da bidiyon wurin ga wani abokina da ya karanta injiniyan ruwa, ko minti biyar ba a yi ba ya kira ni, abin da Kawu ya faɗa shi ya maimaita min da turancinsa, har ya ƙara da cewa yawancin dam na ƙasa da ke fashewa a duniya ta hanya biyu ne, ko ruwa ya hau bisansa ya zaizaye shi daga baya, ko ya ci shi ta ciki irin wanga. Namu kuma ga alamar duka biyun.

Mu mutanen Sakkwato bai kamata a ba mu labarin ruwan dam ba. A 2010 ina ɗalibi, cikin goman ƙarshe na azumi, ruwa ya yi yawa dam ɗin Goronyo ya cika har ya kai matakin haɗari, ranar 1 ga Satumba anka buɗe ƙofofi, ƙauyen Kagara ya nutse, bayan mako guda kuma mafitar rarar ruwan ta karye, gulbin Rima ya ɓalle ya bi fadama tun daga Goronyo, Wurno, Kware, Wamakko har ya gangara Kebbi. Shinkafa da gero da anka kusa girbewa sunka tafi, mutane sunka yi salla a azuzuwan makarantun firamare. Hanyar jami'ar Ɗanfodiyo ta wajen Kwalkwalawa ta yanke, na tsaya da ƙafata a bakin kwaltar inda ta gutsure ina kallon ruwa ja na wucewa da buhunan kaya da tumaki matattu da rufin ɗaki sukutum, wanda ke son ƙetarewa sai kwale-kwale. Ƙarar ruwan nan har yau tana kunnena.

Lokacin kowa cewa yake an sako muna ruwa, an sako muna ruwa, ni ma na faɗa da bakina cikin fushi. Sai da na girma na fahimci cewa buɗe ƙofar nan ba mugunta ba ce. Ku duba girman abin, Goronyo dam ne na ƙasa da yashi, tsayinsa wajen mita 21, tsawonsa ya haura kilomita 12, an gama shi 1984, kuma an yi shi ne ya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Dam na kankare ruwa na iya bin bisansa ya wuce ya bar shi tsaye, na ƙasa kuwa in ruwa ya hau kansa narkewa yake kamar katangar laka. To wanda ke riƙe da ƙofa ran da tafkin ya cika zaɓi biyu gare shi, ya saki wani ya ɓata gonaki, ko ya riƙe duka ya tafi gaba ɗaya, kuma birnin Sakkwato na ƙasa. Abin da ake iya yin gardama a kai shi ne lokaci da sanarwa, a fara ragewa tun da wuri, kuma mutumin da ke kwance a bakin gulbi ya ji labari tun da rana ba sai ruwa ya taɓa tabarmarsa ba.

Sai kuma 2018 munka ga ɗaya fuskar. Ruwan Goronyo ya janye da kusan kashi 90 cikin 100, har gwamna na lokacin Aminu Waziri Tambuwal ya je da kansa ya gani, hankalin kowa ya tashi don ruwan famfon Sakkwato da Birnin Kebbi da noman ranin fadama duk a kansa suke. Cikin dalilan da anka faɗa har da cikewar ƙasa. Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne ciwo ɗaya ne ke kawo duka biyun. An sare daji a sama, ruwa na gangarowa da yashi da laka ta Bunsuru da Gagare da gulbin Maraɗi yana jibgewa a tafki, kwanon na ƙara zama faranti. Faranti kuwa da rani shi ke fara bushewa, da damina shi ke fara cika ya zube. Lambar da ke rubuce a takarda ta ranar da anka gama gini ce, ba ta yau ba. Namu na ƙauye ma haka, inda muke nutso muna yara ba mu taɓo ƙasa, yanzu da bazara yaro na ratsawa ruwa iya gwiwa.

Kuma ku lura da watan da dam ke fashewa. Bagauda a Kano Agusta ne 1988. Na Gusau 30 ga Satumba 2006, wajen mutum 40 sunka rasu. Goronyo Satumba. Alau da ya shanye Maiduguri 10 ga Satumba 2024, shi ma ba farau ba ne don a 1994 ya taɓa yi musu, kowa ya ga bidiyon mutane a bisan rufi da gadar sama, namun gidan zu sun bazu cikin gari. Ba ruwan farko ke kashe dam ba, na ƙarshe ne, lokacin da tafki ya riga ya ƙoshi, ƙasar jikinsa ta jiƙe sharkaf ta yi nauyi, sai hadari ɗaya na dare ya zo ya ƙarasa. Yanzu muna Agusta. Wanga lissafi ne nake yi kullum in na kwanta.

Washegari munka je wurin maigari ni da Kawu da liman. Ya saurare mu sosai, Allah shi saka mai, ya sa anka kira dattawa, Kawu ya ajiye gorar a tsakiyar tabarma. Na ce ranka shi daɗe, ba mu zo tada hankali ba, amma in wanga abu ya ɓalle da dare unguwar gangare ce farko kuma nan ne tsofaffi sunka fi yawa. Nan fa magana ta rabu. Wasu samari sunka ce a ba su gatari yau-yau su sare itatuwan duka, wani ya ce a kawo buhunan laka a toshe ramin a danne, wani dattijo kuma ya ce shi tun yana da ƙarfi yake ganin ruwa na tsattsafowa nan kuma ba abin da ya faru, rai da ajali na Allah ne. Liman ya ce gaskiya ne Baba, amma wanda ya ce a dogara gare shi shi ne ya ce a ɗaure raƙumi tukuna.

Abin da na koya a zaman nan, da wanda abokina ya yi ta nanata min a waya, shi ne gyaran gaggawa na jahilci na iya fin ɓarnar muni. Ƙananan itatuwa da tumfafiya a sare, ba laifi. Manyan kuwa ba a sare su a bar kututture, sai an tono saiwar an cike ramin da yumɓu an danne, kuma ba aikin da ake yi tafki na cike ba ne, na rani ne. Ramin da ke ɓuɓɓuga ba a toshe shi da laka, in ka toshe nan ruwan zai nemi wata hanya da ƙarfin da ya fi na da, kuma ba a tona shi don a ga inda ya nufa. Yashi mai tsabta ake shimfiɗawa bisansa da kauri, a bi da tsakuwa, a bi da duwatsu, don ruwan ya samu wucewa amma ƙasar ta tsaya. Sai kuma rage ruwan tafkin, wanda shi ne babban magani, amma a hankali, don in anka janye shi da sauri fuskar da ta jiƙe na iya zamewa ta rufto ciki.

To a nan munka ci karo da wani abin. Bututun da anka saka tun asali don sakin ruwa, kan bawul ɗin ya yi tsatsa ya kafe, maza uku sunka kama da ƙarfe ko motsi bai yi ba, ba wanda ya tuna shekarar da anka juya shi. Mafitar rarar ruwa kuma, wato faffaɗan wurin da anka sassabe a gefe ƙasa-ƙasa don in tafki ya cika ruwan ya bi ta nan ya zagaye, wani bawan Allah ya shuka dawa a ciki har ya yi mata jinga a baki don kada ruwa ya kwantar mai da shuka. Ban ga laifinsa can-can ba, mutum ne mai iyali ga ƙasa mai danshi ba mai amfani da ita, kuma ba wanda ya taɓa gaya mai abin da wurin yake yi. Da Kawu ya kai shi ya nuna mai cewa jingarsa ta sa ruwa zai fara bi ta kwarin shanun nan kafin ya bi ta mafitar, shiru ya yi, ya ce a bar shi zuwa safe. Da asuba shi da 'ya'yansa sunka rushe ta da kansu. Maigari ya ce gari zai haɗa mai abin da ya yi asara in dawar ta tafi.

Kwana biyun da sunka biyo baya aikin gayya anka yi. Amalanken shanu na kawo yashi daga gulbi, mata na tankaɗe tsakuwa, anka cike kwarin shanun da buhunan ƙasa anka kewaye da ƙaya, Fulanin da ke mashaya nan anka yi magana da ardonsu cikin mutunci ya ce za su zagaya ta gefen tudu. Wasu ma da kansu sunka dawo da duwatsu, ba wanda ya tambaye su daga ina. Amma kada in yaudare ku, wanga duk ɗaurin talala ne. Suri na nan, saiwoyi na nan, bawul bai buɗe ba, kuma ba mu san girman ramin da ke ciki ba don ba mu da na'urar aunawa. Aikin na injiniya ne da katafila da rola, kuma da an yi shi tun Fabrairu ko Maris lokacin da tafkin ya ja baya da kuɗin ba su kai rabin na gyaran ɓarna ba, ba a fafe gora ranar tafiya amma ga shi mu ranar tafiyar muke fafa. Mun rubuta takarda da sa hannun maigari, na kai ta da hannuna inda ya kamata, an karɓa an buga hatimi an ce za a turo a duba. Yau kwana shida.

Abin da ke ci min rai shi ne irin wanga ƙaramin dam ba namu kaɗai ba ne, suna nan birjik a ƙauyuka, wasu ma ba a san wa ke da alhakinsu ba, wanda ya gina ya yi bikin buɗewa ya tafi, gari na ganin na gwamnati ne, can kuma fayil ɗin ya daɗe da shan ƙura. Manya irin Goronyo da Bakolori aƙalla suna da ma'aikata da ofis kuma in sunka yi tari jarida za ta ɗauka. Na ƙauye in ya tafi da gida arba'in labarin kwana ɗaya ne a rediyo. In garinku na da irinsa, don Allah ku zagaya bayansa ba gabansa ba, gaba ruwa ne mai kyaun hoto, baya ne ake ganin ciwo. Ku duba tsagewa, musamman wadda ta ratsa daga gefen ruwa zuwa baya, ku duba inda ƙasa ta lotsa ko ta zame, ku duba ko ruwa na juyawa kamar mazurari kusa da jikin dam ɗin, ku tafi da farar gora.

Yanzu dai an tsara samari bibbiyu suna kwana bisan dam ɗin da tocila duk daren da anka yi ruwa, an kafa sanda mai zane a bakin tafkin ana duba inda ruwa ya kai. An yi magana in sunka ga abin da ba su gane ba kada su tsaya shawara, ladan za su tasa ya buɗe lasifikar masallaci, kowa ya nufi filin idi da ke kan tudu, ba tsayawa kwance akuya ba komawa ɗauko buhu. An raba tsofaffin da ba su iya sauri, kowane da saurayin da zai goya shi.

Na roƙi Inna ta biyo ni Sakkwato ko zuwa ƙarshen Satumba ne, ta ce ita ba ta barin ɗakinta da awakinta, in ruwa ya zo tare da mutane zai same ta. Da ƙyar ta yarda ta riƙa kwana gidan ƙanwarta a unguwar tudu, da safe ta gangaro. Na haɗa mata takardunta da maganinta cikin leda na rataye a ƙusa kusa da ƙofa.

Kawu kuma kullum bayan sallar asuba sai ya gangara ya ɗebo gora ɗaya daga inda ruwan ke fitowa ƙarƙashin tsakuwar, ya jera ta a kan katangar zaurensa kusa da ta jiya. Ɗazu da na kira shi na ce Kawu ya gorar yau, ya ce ta fi ta shekaranjiya haske amma har yanzu akwai ɗan ja a gindi, kuma sandar ta nuna ruwa ya ƙaru da yatsa uku tun ruwan daren Talata. Ya ce gobe in Allah ya kai mu zai sa a ƙara yashi, ni kuma in koma ofishin nan in sake tambaya.